Ofis a Cikin Gida, Intanet a Hannun Kamfani: Amsoshin Wasiƙunku daga Legas

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Legas a 'yan makonnin nan kusan dukkansu sun haɗu a kan magana ɗaya, wato halin da masu gudanar da sana'a daga ɗakunan gidajensu suke ciki da kamfanonin da ke sayar musu da intanet. Na zaɓi biyar daga ciki na taƙaita su, na kuma cire sunayen kamfanonin da aka yi kuka da su, domin ban ji ta bakinsu ba, kuma ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Agege ne, kuma sana'ata ita ce shirya wa 'yan kasuwa takardun fiton kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Da na gaji da cunkoson hanya sai na mayar da ɗakin baƙi ofis, na sa wani kamfani ya jawo mini wayar faiba. Watanni huɗun farko ban ga aibunsu ba ko kaɗan. Wata Litinin na wayi gari da jar fitila tana ƙyaftawa a jikin na'urar, aka kwana tara babu intanet, kullum na buga waya sai a ce mini injiniyoyi suna kan aiki. Bayan an gyara na tarar an lissafa kwanakin nan tara cikin watan da na biya. Shin ina da haƙƙin a mayar mini da kuɗina, kuma kana ganin in sauya kamfani?
Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da abin da ka rasa a kwanakin nan. Jar fitilar da ka gani, wadda a yawancin na'urori ake rubuta LOS a ƙarƙashinta, tana nufin hasken da ke tafiya cikin wayar ya daina isowa gidanka. Wayar faiba haske take ɗauka a cikin zaren gilashi mai sirantar gashin kai, saboda haka idan fitilar nan ta yi ja, kashe na'ura da kunnawa ko sau goma ne ba zai amfana komai ba, sai an bi sawu an gano inda zaren ya tsinke an haɗa shi da inji na musamman. A Legas kuwa abubuwan da ke tsinka shi suna da yawa, kama daga katafila mai haƙar magudanar ruwa, da babbar motar da lodinta ya kamo wayoyin da aka rataya a turakun lantarki, da ɓarayin da ke zaton tagulla ce, har zuwa ɓeran da ke cikin silin. Unguwa irin taku, wadda ta sha aikin gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 da kuma aikin layin dogon da ya ratsa ta, ta san abin da haƙa take yi wa duk abin da aka binne a ƙasa. Lamarin ya kai ga gwamnatin tarayya a 2024 ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake hukunta mai lalata su, sai dai ga dukkan alamu direban katafila bai karanta takardar ba tukuna.

Akwai lokacin da matsalar ta fi ƙarfin kamfaninka gaba ɗaya. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gabar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki, aka kuma ɗauki makonni kafin a kammala gyara. Kamfanonin da suka farfaɗo da wuri su ne waɗanda suka iya karkata zuwa wata hanyar, irin wayar Equiano ta Google wadda ta sauka a Legas a 2022. Amma irin wannan masifa ba ta kunna jar fitila a gidan kowa, domin fitila tana nan kore, shafuka ne kawai suke ƙin buɗewa. Taka matsalar tsakanin gidanka da cibiyar kamfanin ta faru, kuma haɗa zaren da ya tsinke aikin sa'o'i ne ga injiniyan da ya zo da kayan aikinsa. Idan ya ɗauki kwana tara, abin da ya fi yiwuwa shi ne kamfanin yana da ƙarancin masu gyara a yankinku, ko kuma ƙorafinka bai taɓa barin teburin masu amsa waya ba.

Game da kuɗinka, a ganina haƙƙinka ne, domin kwana talatin ka saya aka ba ka ashirin da ɗaya. Sai dai haƙƙin da ba a rubuta ba wuyar karɓa gare shi. Duk lokacin da ka kira, ka nemi lambar ƙorafi, ka rubuta ta tare da rana da lokaci, ka ɗauki hoton jar fitilar, sannan ka aika musu da saƙon imel ko takarda kana neman a ƙara maka kwanakin da ka rasa a kan watan da ke tafe. Na ce ka nemi kwanaki ne domin kamfani ya fi saurin ƙara kwana a kan ya fitar da kuɗi daga asusunsa. Idan suka yi biris da kai, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ita ce ke ba su lasisi, kuma tana da lambar karɓar ƙorafi kyauta, 622. Ka sani cewa hukumar mataki na biyu ce, abin da za ta fara tambayarka shi ne lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ka, wanda kuwa bai riƙe tasa ba zai koma farko. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ita ma tana karɓar irin wannan kuka.

Batun sauya kamfani shi ne inda nake so ka yi taka-tsantsan. Mutane da yawa suna zaɓar kamfani da adadin saurin da aka rubuta a allon talla, alhali abin da mai ofis a gida yake saya a haƙiƙa shi ne ɗorewar layi da kuma saurin zuwan mai gyara ranar da abu ya ɓaci, kuma waɗannan biyun ba a rubuta su a talla. Kamfani ɗaya yana iya zama abin yabo a Lekki ya zama abin kuka a Agege, saboda can yana da ma'aikata da mota a kusa, nan kuwa sai an taso daga nesa. Saboda haka shaidar da za ta amfane ka ita ce ta mutanen layinku. Ka bi maƙwabta uku ko huɗu masu amfani da wani kamfanin, kada ka tambaye su ko intanet ɗinsu tana da sauri, ka tambaye su yaushe rabon ta ɗauke kuma kwana nawa aka yi kafin a gyara. Ka kuma tambayi kamfaninka na yanzu ko yana da tsarin 'yan kasuwa, wanda ya fi na gida tsada amma yake zuwa da rubutacciyar yarjejeniya kan lokacin gyara da diyyar da za a biya idan an saɓa. Ga mutumin da kwantenar wani take jiran takardarsa ana lissafa kuɗin ajiya kullum, wannan bambancin farashin ba asara ba ne.

Ko ka sauya ko ka zauna, ka tanadi hanya ta biyu, kuma ta kasance iri dabam. Kamfanonin faiba biyu a layi ɗaya sau da yawa turke ɗaya suke bi ko rami ɗaya, motar da ta tsinka wayar wannan ita za ta tsinka ta wancan. Ƙaramar rauta, wato na'urar da ke watsa intanet a cikin gida, mai amfani da layin waya, da data kaɗan da kake sabuntawa kowane wata, ta ishe ka aika takardu har a gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga gida a Idi-Araba, kuma yawancin cinikina ta Instagram da WhatsApp nake yi, musamman idan na kunna bidiyo kai tsaye ina nuna kaya. Na sayi tsarin megabit 50 da aka ce mini ba shi da iyaka. Amma idan ɗana yana sauke wani abu a kwamfuta, adadin da yake gani bai wuce 6 ba, bidiyona kuma yana tsayawa da daddare, sannan idan wata ya yi nisa abin sai ya ƙara lalacewa. Anya ba cutata ake yi ba?
Daga wata Hajiya a Idi-Araba.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Matsaloli uku kika haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma a ta farko dai zan wanke kamfanin. Kamfanoni suna auna sauri da megabit a sakan ɗaya, kwamfuta kuwa tana nuna saukar kaya da megabait, kuma megabait ɗaya megabit 8 ne. Idan kika raba 50 gida 8 za ki samu 6 da ɗoriya kaɗan, wato abin da ɗanki yake gani shi ne cikakken abin da kika saya. Mudu biyu ne mabambanta ake awo da su, kuma kamfanoni sun zaɓi wanda adadinsa ya fi girma a ido, abin da duk ɗan kasuwa zai gane dalilinsa.

Tsayawar bidiyo kuwa magana ce dabam. Adadin da ake tallatawa yawanci na saukewa ne, wato abin da ke shigowa wayarki, alhali mai nuna kaya kai tsaye aikawa take yi, kuma a tsare-tsare da yawa, musamman waɗanda suke zuwa ta iska daga hasumiyar sadarwa, saurin aikawa ya yi ƙasa sosai da na saukewa. Bidiyon kai tsaye ba ya buƙatar wani sauri na a zo a gani, ƙasa da megabit 10 na aikawa ya ishe shi, amma yana buƙatar kada ya yanke ko na sakan biyu. Ki sa ɗanki ya buɗe shafin gwajin sauri, irin su Speedtest ko fast.com, ya duba adadin aikawa, ya yi gwajin da hantsi ya kuma maimaita bayan sallar isha'i, har tsawon mako guda yana rubutawa. Sharaɗin shi ne ya haɗa kwamfutar da rauta ta hanyar kebul, ya kuma cire sauran wayoyin gidan daga layin a lokacin gwajin. Idan ba haka ba, wayfai ɗin gidanki kuke aunawa, kamfanin kuma zai ce laifin daga wurinku ne, kuma mai yiwuwa ya yi gaskiya.

Na ce mai yiwuwa ne domin na sha ganin rauta an ajiye ta a ƙasa bayan talabijin, ko cikin kabad don kada yara su taɓa, sannan a shiga ɗaki na uku ana jiran sigina ta keta bangayen bulo da kankare. Yawancin rautocin yanzu suna watsa zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farkon yana tafiya nesa yana kuma ratsa bango, amma a unguwa mai cunkoson gidaje kamar Idi-Araba rautocin maƙwabta duka a kansa suke, sai su riƙa danne juna kamar masu magana lokaci ɗaya a ɗaki guda. Na biyun ya fi sauri da tsafta, sai dai ba ya nisa. Ki ɗaga rautar sama a ɗakin da kike nuna kaya, ki haɗa wayarki da zango na biyu. Ki kuma sauya kalmar sirri, domin kalmar sirrin da aka bai wa yaro ɗaya don ya yi aikin makaranta, kafin mako ta zagaye gidan haya gaba ɗaya.

Idan an yi duk wannan kuma gwajin kebul ya nuna sauri yana faɗuwa kowane dare, to lallai daga wajen kamfanin ne. Layin gida layin tarayya ne. Ko a faiba, zare ɗaya da ya fito daga cibiyar kamfani akan raba shi ga gidaje 32 ko 64, kamfanin kuma yana sayar da sauri ne bisa lissafin cewa ba kowa ne zai yi amfani a lokaci ɗaya ba. Lissafin yana tafiya daidai da rana, amma da daddare, sa'ad da kowa ya dawo gida ya kunna fim ko ƙwallo, famfon unguwa ne ake layi a kansa, kuma wannan lokacin ne kwastomominki suke da sararin kallon atamfa. Shi ya sa idan kika duba takardar za ki ga an rubuta cewa saurin yana iya kaiwa 50, ba a yi miki alƙawarin 50 a kowane lokaci ba. Kamfanin kirki yana ƙara ƙarfin layin idan kwastomomi suka yawaita, na banza kuma yana ci gaba da jona sababbi. Rubutaccen gwajin mako guda shi ne hujjar da za ki kai musu, kuma shi ne zai nuna miki wane iri ne naki.

Lalacewar ƙarshen wata kuma ina kyautata zaton ƙa'idar nan ce da suke kira amfani bisa adalci. A tsare-tsare da yawa da ake cewa marasa iyaka akwai adadin data da idan aka kai shi ba a yanke layi, amma ana rage sauri ƙwarai har watan ya ƙare. Ana rubuta wannan cikin ƙananan haruffa a sharuɗɗan da ba wanda yake karantawa. A nan kam ina ganin akwai rashin kyautawa, domin abin da aka kira mara iyaka bai kamata a ɓoye iyakarsa a shafi na bakwai ba. Ki tambaye su a rubuce adadin gigabait da ke jawo ragewar da kuma saurin da ake mayar da mutum, sannan ki duba ko talabijin ɗin yara ce take cinye rabon kasuwancinki.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ina koyar da Alƙur'ani da Larabci ta manhajar Zoom ga 'ya'yan Hausawa mazauna Ingila da Amurka, daga gidana a Ojo kusa da Alaba Rago. Babu kamfanin faiba da ya iso layinmu. Ina amfani da layin waya, amma sau da yawa sai na ja aya yaro ya maimaita kafin in ji, muryoyinmu su riƙa hawa kan juna. Wasu sun ce in sayi Starlink, wasu sun ce 5G. Wanne ya fi?
Daga wani malami a Ojo.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sani ya kuma saka da alheri. Abin da ke damun karatunka jinkiri ne, wato lokacin da muryarka take ɗauka ta je ta dawo, kuma ƙarin megabit ba ya maganinsa. Zoom ko a bidiyo mafi kyau buƙatarsa ba ta wuce megabit 4 ba. Haske a cikin faiba yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya, saboda haka tsakanin Legas da Landan zuwa da dawowa akan sami jinkirin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan, wanda kunne yake iya haƙura da shi. Abin da ke ɓata tilawa shi ne ƙarin da cunkoson hasumiyar unguwa yake ɗorawa a kan wannan, da kuma yadda jinkirin yake hawa da sauka babu tsari. Idan za ka gwada kowace na'ura, adadin da aka rubuta ping shi za ka sa wa ido, ka ga ko yana zama wuri ɗaya.

Starlink, kamfanin da ke kawo intanet ta taurarin ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ya shiga. Taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550 daga ƙasa, shi ya sa jinkirinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na tsofaffin taurarin ɗan'adam masu nisan kilomita 36,000, waɗanda ake yin fiye da rabin sakan kafin amsa ta dawo. Amfaninsa a wurinka shi ne ba ruwansa da katafila ko turken unguwa. Sai dai farantinsa yana buƙatar sararin sama a buɗe, ba bene ko bishiya a gabansa, wanda ke nufin sai mai gida ya yarda ka hau rufi. Ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi na ɗan lokaci, kuma ka san yadda daminar Legas take a watan Yuni da Yuli. Yana cin wuta ninki da yawa na rauta, don haka sai ka yi lissafin batir. A ƙarshen 2024 ma kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin kwastomomin gida a Legas da wasu manyan birane saboda masu amfani sun cika ƙarfinsa, don haka ka sanya adireshinka a shafinsu ka tabbatar za su buɗe maka layi kafin ka sayi faranti a kasuwa. Farashinsa ma yana motsi, domin a watan Oktoban 2024 sun sanar da ƙarin kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da amincewarta ba, aka dakatar da ƙarin a lokacin.

Shi kuwa 5G, wato tsarin intanet na layin waya da ya biyo bayan 4G, MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023. Inda siginarsa take da ƙarfi yana da sauri da ƙarancin jinkiri, kuma kuɗin shigarsa ya fi sauƙi, amma zangon gigahaz 3.5 da ake amfani da shi ba ya ratsa bango sosai, har gidaje biyu a layi ɗaya suna iya samun sakamako dabam. Shawarata ita ce ka fara da wanda ake iya arowa. Ka ari rautar 5G daga wani aboki, ka ajiye ta bakin taga, ka yi darasi da ita kwana uku, domin gani ya kori ji. Ka yi gwajin a lokacin darasin 'yan Ingila, domin agogonsu daidai yake da namu a lokacin bazararsu, a lokacin sanyi kuma muna gabansu da awa ɗaya kacal, wato yammacinsu shi ne lokacin cunkoson layi a nan. Darasin 'yan gabashin Amurka, da muke gabansu da awa biyar ko shida, yana faɗawa tsakar dare ne sa'ad da layi ya yi sauƙi, kuma kusan kowace na'ura za ta burge ka a wannan lokacin. Idan 5G ya ɗauki darasin yamma lafiya, ba ka da buƙatar hawa rufi.

TAMBAYA: Ina aikin amsa kiran kwastomomi ga wani kamfani daga gida a Surulere. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta rauta ta dawo, kira ya yanke, shugabana kuma ya fara ƙorafi. Dole ne sai na sayi inbata da sola?
Daga wata 'yar'uwa a Surulere.

AMSA: Ba dole ba ne, 'yar'uwa. Na'urar faiba da rauta kowacce kusan wat 10 take ci, abin da bai wuce ƙaramin ƙwan fitila ba, kuma ana sayar da ƙananan batura da aka yi musamman domin su, waɗanda ake jonawa tsakanin soket da na'urar su riƙe ta sa'o'i ba tare da ta ƙyafta ba. Ki duba bayan na'urarki ki ga ƙarfin da take karɓa, yawanci bolt 12 ne, ki sayi wanda ya dace, ki kuma tabbatar yana da mafita biyu idan na'urorinki biyu ne. Ko unguwarku tana rukunin A, wanda aka ɗaga kuɗin wutarsa zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024 bisa alƙawarin awa 20 a rana, sauran awa huɗun ba sa sanar da zuwansu. Wani alherin faiba shi ne tsakanin cibiyar kamfani da gidanki zaren ba ya buƙatar wuta a hanya, don haka muddin na'urarki tana kunne kuma cibiyarsu tana da wuta, layin yana nan ko unguwa duka tana cikin duhu.

TAMBAYA: Malam, ni yabo na kawo. Shekara biyu ina tare da wani kamfanin faiba a Obalende, ina gudanar da harkar tikitin jirgi da biza daga gida, sau biyu kacal layi ya ɗauke, kuma duka biyun kafin la'asar sun gyara. Yanzu zan ƙaura zuwa sabon gida a Ikorodu, kuma sun yi mini tayin rangwame idan na biya kuɗin shekara gaba ɗaya. In karɓa?
Daga wani Alhaji a Obalende.

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya sa alheri a sabon gida. Na ji daɗin wasiƙarka, domin wanda aka kyautata wa ba kasafai yake ɗaukar alƙalami ba, shi ya sa wannan fili yake cika da kuka. Amma ka lura da abin da ka yaba, gyara kafin la'asar. Wannan aikin ma'aikatan da ke kula da Obalende ne da wayoyin da aka shimfiɗa a Obalende, kuma ba ɗayansu da zai hau mota ya bi ka Ikorodu. Faiba ba a ƙaura da ita kamar layin waya, sai idan kamfanin yana da akwatin rarraba layi kusa da sabon gidan, kuma amsar da ma'aikacin talla zai ba ka ta waya cewa suna Ikorodu ba ta wadatar ba, domin Ikorodu ƙasa ce mai faɗi. Ka nemi su turo injiniya ya tsaya a ƙofar gidan ya nuna maka akwatin da za a jawo daga gare shi, ya gaya maka nisansa da kuɗin jawowar. Idan gidan a cikin rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya yake, ka tambayi shugabannin rukunin tukuna, domin wasu sun ƙulla yarjejeniya da kamfani ɗaya ba sa barin wani ya shigo da waya, idan kuma haya ce, ka karɓi izinin huda bango daga mai gida a rubuce.

Tayin shekara yana da fa'idarsa, musamman ga wanda ya tuna cewa a watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, domin biyan gaba yana iya kare mutum daga irin wannan idan an rubuta cewa farashin ba zai taɓu ba. Sai dai wanda ya biya shekara ya miƙa sandar da yake kora da ita, tunda ba zai iya cewa zai tafi ba. Ka biya wata-wata a sabon gidan har wata uku, kuma zai fi kyau watannin su haɗa da na ruwan sama. Idan ma'aikatan Ikorodu sun yi halin na Obalende, sai ka koma ka tambaye su ko tayin yana nan, ka kuma sa a rubuta a jikin rasit abin da za a mayar maka idan ka bar su kafin shekarar ta cika.